Katin da Ya Ƙi Gudu Iri Ɗaya

Ranar Juma'a na ɗauko katin daga gidan waya cikin wani kwali mai nauyi, sai ka ce bulo aka saka a ciki. Ban gama yanke salatif ba Frauke ta kira.

Frauke ce editar shafin intanet ɗin da nake yi wa gwajin kayan kwamfuta, tana can Hamburg. Shekaru ke nan ina yi musu aikin a gefe. Da rana ina shagon kayan gini a nan Husum ina nuna wa mutane inda ƙusa take, da yamma in hau ɗakin sama in auna katunan hoto, waɗanda su ne ke zana duk abin da mai wasan kwamfuta yake gani a allonsa. Shagon nan ya fita raina tun tuni.

"Tjark, ya iso?"

"Ga shi a hannuna."

"To buɗe kunnenka. Kati ɗaya tak kamfanin ya ara mana, kuma kai na ba. Mai yi mana gwaji zai ajiye aiki ƙarshen wata. Ka kawo mini lambobin da za ka iya rantsuwa a kansu kafin shida na yammacin Laraba, kujerar taka ce. In ka yi wasa, akwai Malte, shi ma kujerar yake nema."

"Malte da bai san gaban kati da bayansa ba?"

"Malte da ke kawo aiki a kan lokaci. Sai na ji ka."

Sunan katin Kormoran, kuma Yuro ɗari shida ba ɗaya za a sayar da shi. Kamfanin na cika baki cewa yana gudu daidai da na abokan hamayyarsu mai ɗari bakwai da hamsin. Dabararsu ita ce sun ƙanƙanta ƙwaƙwalwar katin, ɗan falle ne da bai fi farcen babban yatsa ba, suka cunkushe komai a ciki don ya yi musu arha. Abin da aka cunkushe kuwa zafi yake yi, don haka suka koya masa lura da kansa: in ya ji sanyi ya ƙara gudu, in ya ji zafi ya ja birki. Aikina shi ne in faɗa wa mutane ko kamfanin gaskiya yake yi. In gaskiya ne, garaɓasa ce. In ba haka ba, katin bara mai ɗari biyar ya ishi kowa. An kuma sa na sa hannu a takarda cewa ba zan yi maganarsa da kowa ba sai Alhamis ƙarfe uku, lokacin da duk shafuka za su buga nasu tare.

Gidan iyayena ne, na dawo cikinsa bayan rasuwar Mama a bazarar da ta wuce. Baba, Momme sunansa, ya yi aikin jirgin fito har gwiwarsa ta ƙi. Dama can ba mai surutu ba ne, amma tun da aka binne Mama sai ya zama kamar kujerar da yake zaune a kai. Rediyo a gefensa, ƙarar har titi saboda kunnensa ya yi nauyi, ido a kan shingen maƙwabta. Da safe ya ce "Moin," gaisuwar garinmu ke nan, in ce "Moin." In na ajiye masa dankali da kifi ya ci. Iyakar zaman namu ke nan, kuma na ɗauka rabonsa da hawa bene tun kafin gwiwar ta ƙwace masa.

Yadda nake gwaji ba wani abin wahala ba ne. Kwamfutar ba ta da akwati, a shimfiɗe take tsirara a kan tebur ƙarƙashin tagar rufi. Manhaja ce ke kunna wasanni goma ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga hotuna nawa katin ke zanawa a daƙiƙa, ta rubuta. Abin kan ci kusan awa shida. Ina kunnawa da safe in tafi shago, in dawo in tarar da sakamako.

Asabar na dawo na tarar da abin da ban gane ba. Wasanni takwas sun fito jiki a sanyaye, ba su fi katin bara da komai ba. Biyu kuwa, na tseren motoci da na yaƙin jiragen sama, sun yi tsalle har sun kamo mai ɗari bakwai da hamsin. Na ce to, wataƙila waɗannan biyun ne suka dace da ginin ƙwaƙwalwar. Ana samun haka. Har na fara tsara jimlar da zan rubuta, mai daɗi kuwa.

Lahadi babu shago, sai na zauna a ɗakin na maimaita gwajin a gaban idona. Duka goman suka fito a sanyaye. Motocin da suka yi fiffike jiya, yau kamar an ɗaura musu buhun siminti.

Litinin na makara wajen kunnawa, na fita a guje. Da na dawo, biyu sun sake tsalle, amma ba na ranar Asabar ba. Yanzu wasan noma ne da wani na fatalwa. Wasan noma fa! Tarakta tana huɗa a gona, wai ita ce katin ya ga dama ya zage wa ƙarfi. Na zauna ina kallon lambobin har shayina ya huce, ban ga ta inda zan kamo zaren ba.

Na hau keke na tafi wurin Sönke, abokina tun makaranta, mai gyaran kwamfuta a bayan kasuwa. Na tarar da shi yana cin burodi da jatan lande a kan wata kwamfutar mutane.

"A ce akwai wani kati," na ce.

"Wanda na ga kwalinsa a bayan kekenka ranar Juma'a?"

"Ba ka ga komai ba. A ce akwai shi. In ina ɗakin ya yi lalaci, in na fita ya yi gudu, kuma kullum a wasa dabam."

Ya tauna, ya haɗiye. "Kunyarka yake ji."

"Dalla ka bar wasa."

"To ni ma in kana tsaye a kaina da wannan fuskar ba zan iya aiki ba. Ka canza akwatin da ke ba kwamfutar wuta?"

"Zan canza."

"Wayoyi fa? Manhajar katin? Ko wutar unguwarku ce ke rawa in maƙwabciyarku matar Petersen ta kunna injin wanki?"

"Injin wanki zai sa kati ya ƙara gudu?"

"Oho. Kai ne masani, ni mai shara ne a cikin fanka." Ya miƙo mini ragowar burodin. "Ci, mutumina. Ka rame kamar kai ne ake gwadawa."

A yammacin nan na canza akwatin wuta, na canza kowace waya, na goge kwamfutar tas na sake zuba mata komai. Talata na kunna na fita. Na wuni a shago ba hankalina, har na ba wata mata fentin bango alhali man katako ta tambaya. Na dawo, biyu sun yi tsalle.

Sai a lokacin na duba abin da ya kamata in duba tun farko, wato zafin katin. Nan kaina ya ƙarasa ɗaurewa. Duk lokacin da ya yi gudun nan, zafinsa faɗuwa yake yi warwas, ya yi kamar kwata na awa a ƙasa, sannan ya hau a hankali. Ta yaya abu zai ƙara aiki kuma ya ƙara sanyi? Ma'aunin zafi na rataye a bangon ɗakin, ashirin da biyu in zan fita, ashirin da biyu in na dawo. Na girgiza shi, na hura masa iska, na kai shi kicin na dawo da shi. Lafiyarsa ƙalau. Na fara zargin kamfanin ya ɓoye wata dabara a cikin katin don ya ruɗi masu gwaji. Daga nan na zargi ma'aunin da ke cikin katin. Daga ƙarshe na koma zargin kaina, har na tsaya ina tunanin ko da gaske na zauna a ɗakin ranar Lahadi.

Frauke ta kira ina cikin wannan hali.

"Na ga abin da ka turo. Wanne ne gaskiya?"

"Duka biyun."

"Tjark, mutum zai ɗauki albashinsa ya shiga shago saboda abin da ka rubuta. In ce masa ya saya, ko in ce kada ya saya?"

"In ba ya gida, ya saya."

Ba ta yi dariya ba. "Gobe ƙarfe shida. Ba na son labari, lambobi nake so."

Laraba na buga wa shago na ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi sosai ba. Na kunna gwajin, na leƙa falo na ce wa Baba na fita, na je na aro na'urar auna wuta a wurin Sönke. Na dawo ta ƙofar baya. Rediyo na ta faɗin yanayin teku, Baba bai ji shigowata ba. Na hau sama na rarrafa ƙarƙashin tebur ina neman inda zan soka na'urar.

Ina nan a durƙushe na ji motsi a matakala. Taku ɗaya, shiru, sai wani takun, da ƙarar katakon da ake dafawa. An daɗe ana hawowa. Ƙofa ta buɗe, na ga silifas ɗin Baba sun wuce ta gaban hancina.

Ya je wurin hitar da ke ɗumama ɗakin ya murɗe ta har ta mutu. Ya miƙa hannu ya tura tagar rufi ta buɗe wangalau. Ya koma ya buɗe ta kan matakala, ya tokare ƙofa da takalmina. Iskar Janairu ta taso daga teku ta ratsa ɗakin kai tsaye, ta bi ta kan teburin, ta kan katin da ke kwance tsirara. Ina ji da kunnena fankokin katin suka sassauta. Na leƙo na kalli allo, lambar tana hawa kamar an sake ta daga mari.

Na ɗago da sauri, ƙeyata ta daki tebur.

"Kai!" Baba ya dafe ƙirji. "Me kake yi a ƙasa kamar kare? Ba ka ce ka fita ba?"

"Baba, me kake yi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa. "Iska nake ba ɗakin."

Kowa a garin nan da haka ya tashi. Ko ƙanƙara ake zubawa, sai an kashe hita an wangale tagogi gaba da baya na ɗan lokaci, tsohuwar iska ta fita, sabuwa ta shigo, a rufe. In ba ka yi ba bango ya yi baƙi, maƙwabta su yi da kai. Mama ce ke yi a gidanmu. Ni tun da na dawo ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba, kuma ban taɓa tambayar kaina me ya sa gidan bai yi wari ba.

"Tun yaushe?" na ce.

"Kullum. Da hantsi da bayan abincin rana." Ya goya hannu a baya, iska na kaɗa 'yar sumar da ta rage masa. "In kana ciki ba na shigowa, kada in dame ka. Wannan ɗakin shi ya fi kowanne buƙata, injinan nan naka suna dafa iska. Mamarka ta ce tun kana ƙarami in ka zauna a rufaffen ɗaki kanka ciwo yake yi. A asibiti ma sai da ta maimaita. Ta ce, Momme, yaron nan ba zai buɗe taga da kansa ba ko zai shaƙe. Na ce zan lura." Ya nuna gilashin da haɓa. "Ka ga raɓar nan a jiki? Sai ta bushe ake rufewa. Ba a buƙatar agogo."

Rabon da in ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa tun kafin jana'iza. Fuskarsa har wani haske take yi. Ni kuwa ga maganar a bakina: Baba, kwana biyar kana neman kashe ni, tagar nan ta kusa cinye mini aiki. Jimla ɗaya ce, in faɗa a hankali, ya gane, a wuce wurin. Na buɗe baki.

"Na gode, Baba," na ce.

"Yana taimakawa?"

"Sosai ma."

Ya gyaɗa kai. Da gilashin ya bushe ya rufe tagogin, ya sake kunna hita, ya mayar mini da takalmina inda yake. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Tunda kana so, zan dawo bayan abinci. Ka yi aikinka, ba zan yi ƙara ba."

Na ji saukarsa taku ɗaya-ɗaya. Na dubi agogo. In na jira ɗakin ya koma ɗuminsa na sake kunnawa, gwajin zai ƙare dab da shida. Babu sauran wuri ga ko kuskure ɗaya.

A wajenmu mutum ya gwammace ya gyara maka rufin gida kyauta da ya zauna ya faɗa maka abin da ke ransa, kuma ni ɗan garin nan ne. Akwai mukulli a jikin ƙofar tun ina ɗan makaranta, ban taɓa amfani da shi ba. Na kunna gwajin, na murɗa mukullin, na ce a raina in ya zo zan yi masa bayani ta bayan ƙofa.

Wajen ƙarfe biyu na ji shi. Taku, shiru, taku. Na tashi na tsaya a jikin ƙofar. Mariƙin ya sauka, ya koma. Ya sake sauka, wannan karon da ɗan ƙarfi, don ƙofar takan cije in an yi sanyi.

"Tjark?"

Na waiwaya na kalli allo. Wasa na biyar ake ciki, lambobin sun tsaya cak inda ya kamata, karo na farko tun Lahadi. Na ce bari in amsa. Na ce me zan ce? In na ce kada ya shigo, zai tambayi dalili. In na faɗi dalili, zai gane cewa abu ɗaya da yake yi mini a gidan nan shi ne ke ɓata mini aiki. Ina cikin wannan lissafin banza lokacin amsawa ya wuce. Ya daɗe a tsaye. Sannan na ji ya juya, saukar ta fi hawan daɗewa.

Shida saura na tura wa Frauke komai. A ɗaki mai ɗumi irin na kowa, Kormoran bai fi katin bara da abin kirki ba, bai cancanci kuɗinsa ba. Lambobin kamfanin ba sa fitowa sai ƙwaƙwalwar ta sha sanyi sosai. Na haɗa mata duka biyun, na ɗumi da na sanyi, gefe da gefe.

Ta kira nan take. "Wannan shi ne aiki! Babu shafin da zai zo da wannan gobe. Yaya aka yi ka yi tunanin gwada shi a sanyi?"

"Haka dai ya zo."

"To ya zo da kyau. Ka faɗa wa masu ƙusa su nemi wani. Ɗaya ga wata kana tare da mu."

Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, kuma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na soya kifi da daddare, Baba ya ci rabi ya ture farantin.

Alhamis na je shago na ba da sanarwar barin aiki. Ƙarfe uku rubutun ya fita, Sönke ya turo mini saƙo wai ashe katin ba kunya yake ji ba, ɗan hutu ne. Na dawo gida da kek ɗin da Baba ke so. Ina buɗe ƙofa warin kifin jiya ya tare ni. Gilasan falo sun yi raɓa har tana gangarowa, na kicin ma haka. Ba a buɗe ko ɗaya ba. Baba na kujerarsa, rediyo a kashe.

"Baba, na samu aikin. Na Hamburg."

"Madalla."

Na ajiye kek ɗin. "Ɗakina ya yi zafi yau. Ba ka hau ba?"

"A kulle yake."

"A buɗe yake. Ga ma mukullin." Na zaro shi daga aljihu na ajiye a kan teburin da ke gefensa. "Jiya kuskure ne. Na ɗan fita ne, na manta na..."

"Na ga inuwar ƙafarka ta ƙarƙashin ƙofa," ya ce. Ba da faɗa ba. Idonsa na kan shingen maƙwabta. "Kunnena ne ya mutu, ba idona ba."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Na ja kujera na zauna na faɗa masa komai, kati da zafi da sanyi da lambobi, duk abin da ya kamata in faɗa jiya cikin jimla ɗaya, yau ya ci mini kusan rabin awa. Har na ce masa da ba don tagarsa ba da ban gano abin da ya ba ni aikin ba, kuma gaskiya ne. Idonsa bai bar shingen ba. Ban san ko ya gane ba, ban ma san ko yana saurare ba.

Da maganar ta ƙare mini, na rasa abin yi da hannuwana. Na tashi na nufi tagar falo. Mariƙin ya yi tauri, na yi ta murɗa shi ta inda ba nan ba, shekara arba'in da ɗaya a duniya ban san yadda ake buɗe tagar gidanmu ba. Da ƙyar ta motsa.

Daga bayana, ba tare da ya juyo ba, Baba ya ce, "Kashe hita tukuna."